Daga Gadarif Zuwa Bahar Maliya: Inda Araha Take Tsayawa

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, ba baƙon abu ba ne a lokacin sanyi a ga Bature ko Baturiya sun sauko daga motar Galabat a tashar Gadarif, ƙatuwar jaka goye a baya, ƙafa furu-furu da ƙura, hannu riƙe da wani littafi da ya sha jiki. Khawaja mutanen gari suke ce musu. Yawancinsu masu ratsa Afirka ne ta ƙasa, tsakanin Alkahira da Kef Tawun, kuma Gadarif ta zame musu dole. Wanda ya baro Gondar a Habasha zai gangaro Matamma, ya taka gada da ƙafa ya shiga Galabat, sannan ya yi tafiyar kilomita kusan 155 kafin ya ga babban gari na farko a Sudan. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta yamma ta bi Wad Madani zuwa Khartum, kilomita 400 da 'yan kai. Ta arewa ta bi Kasala ta miƙe har Fot Sudan a bakin Bahar Maliya, inda masu nutso suka daɗe suna cewa akwai wuraren da ba su da na biyu a ƙarƙashin ruwa.

Littafin da ke hannun khawaja yana da asali. A 1973 wasu ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, suka rubuta yadda suka ratsa Asiya da ɗan abin da ke aljihunsu, daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo tushe. A 1977 suka fitar da na Afirka, wanda Geoff Crowther ya rubuta. Kamfanin Bradt na Ingila, wanda ya fi son ƙasashen da 'yan yawon buɗe ido ba su cika zuwa ba, shi ya ware wa Sudan littafi sukutum a 2005, da alƙalamin Paul Clammer. Aikin irin waɗannan littattafai ɗaya ne, su nuna wa mai ƙaramin guzuri yadda kuɗin wata ɗaya za su kai shi wata uku.

A kan Sudan ta wancan lokaci, darasin sananne ne. Ka yi rajista wurin 'yan sanda cikin kwana uku da shigowarka. Ka riƙe kwafin fasfo da na takardar izinin tafiya da yawa, domin kowane shinge sai an karɓi ɗaya. Kada ka ɗauki hoton gada ko barikin soja. Ka zo da dala tsaba, don takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997 ya sa katin bankin waje ba ya aiki ko'ina a ƙasar. Giya kuwa ka mance da ita, Numeiri ya haramta ta tun 1983. Wurin kwana shi ne lokanda, inda ake jera gadajen igiya, angarib, a tsakar gida, ka biya kuɗin gado ɗaya ka kwana kana kallon taurari. Abinci ful ne, wake da man riɗi da burodi, sai shayi wurin matan da ke zaune gindin bishiya da kwalaben kayan ƙamshi.

Ita kanta Gadarif ba ta samun wuri mai yawa a waɗannan shafuka. Wurin canjin mota ce, wurin canjin kuɗi, wurin kwana ɗaya idan dare ya yi. Ban ga laifin marubutan sosai ba, domin garin ba shi da dala irin ta Marawi ko kango irin na Sawakin. Abin da yake da shi ba ya shiga kyamara cikin sauƙi. Ƙasa ce baƙa mai danƙo, irin firkin bakin Tafkin Chadi, wadda take tsagewa da rani, ta kama tayar mota da damina. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara noma da tarakta a Gadambaliya, kusa da garin, kuma daga nan yankin ya zama rumbun dawa da riɗi na Sudan baki ɗaya. Tun kafin haka ma kasuwa ce, Suk Abu Sin ake ce mata, da sunan gidan sarautar Larabawan Shukriyya. In kaka ta yi, dillalai suna cika kasuwar amfanin gona, manyan motoci suna ɗaukar riɗi da ƙaro zuwa tashar jiragen ruwa. Dubban 'yan ƙwadago suna kwararowa yankan riɗi, waɗanda ake kira jango, su ne marubuci Abdul'aziz Baraka Sakin ya yi wa littafi guda.

Akwai kuma abin da khawaja zai ji da kunnensa a kasuwar, ya wuce bai gane ba: Hausa.

Ƙarni da yawa kafin a buga littafin jagora ko ɗaya, talakawan Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram suna bin wannan hanya da guzurin da bai kai na ɗan jakar goyo ba. Suna bi ta Barno, Wadai, Darfur da Kordofan, su ƙetare Nilu, su nufi Sawakin ko Masawa su nemi jirgin da zai kai su Jidda. Baturen Suwizalan nan, Burckhardt, ya haɗu da irin waɗannan mahajjata na yamma a 1814, lokacin da ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin, ya kuma ba da labarinsu. Galabat kanta ta yi zamani a hannun shehunan Takari, mutanen yamma da suka yada zango suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Daga baya gonakin auduga na Jazira, waɗanda madatsar ruwan Sinnar ta raya daga 1925, suka buƙaci hannaye. Jirgin ƙasa ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920. Sai zango ya zama unguwa, unguwa ta zama ƙauye a gaɓar kogunan Rahad da Atbara, ana noma, ana su, ana lambu, ana gasa agashe a bakin titi.

Dabarar waɗannan mutane ba a rubuce take ba, amma tana da ƙa'ida. Ba ka tashi sai da ayari da madugu. Kowane gari akwai mai masauki da za ka ambaci sunan wanda ya turo ka gare shi. In kuɗi sun ƙare sai ka tsaya ka yi noman damina ɗaya, ko ɗinki, ko yankan farce, ko ga-ruwa, ko karantar da yara, ka tara na gaba. Tafiyar da jirgin sama yake yi yau cikin sa'o'i ƙalilan tana iya cin mutum shekaru, wani ma ya aurar da 'yar da aka haifa masa a hanya bai ga teku ba. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa Permanent Pilgrims na 1995, ya tarar da Hausawan Sudan waɗanda kakanninsu ne suka baro gida, amma har lokacin suna ɗaukar kansu mahajjata ne da ke kan hanya. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano suka kafa kamfanin jigilar alhazai da mota ta Sudan, WAPA, wanda sunansa ya zauna a Fagge inda 'yan canji suke yanzu. Jirgin sama ya zo ya kwashe masu hali, ya bar hanyar ƙasa ga marasa shi.

Idan aka duba da kyau, alhajin ƙafa da ɗan jakar goyo abu guda suke kashewa a madadin kuɗi, wato lokaci. Kuma dukansu a kan alherin mutanen hanya suke tafiya. Bambancin shi ne alhaji yana biya da guminsa a gonar mai masaukinsa. Kusan duk wanda ya rubuta labarin ratsa Sudan sai ya yaba karamcin mutanenta, yadda mai shayi take ƙin karɓar kuɗi, yadda fasinjan da ba ka sani ba yake biya maka abinci, yadda da azumi ake tare motoci a titi a tilasta wa matafiya saukowa buɗa-baki. Gaskiya ne duka. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne yadda wasu suke lissafa wannan karamci cikin abubuwan da suka sa ƙasar ta yi araha. Mutumin da tikitin jirginsa kaɗai ya fi abin da mai shayi take samu a shekara bai kamata ya yi alfahari da cewa ya sha kyauta ba.

Daga Gadarif zuwa teku tafiyar kusan kilomita 800 ce. Kasala tana zuwa bayan kilomita 200 da ɗoriya, ƙarƙashin duwatsun Taka masu santsi, da masallacin Khatmiyya a gindinsu da gahawar jabana mai citta. Daga nan sai fili da ƙaya da raƙuman Hadandawa, har Haya da Sinkat, sannan hanya ta gangaro tsakanin duwatsu, iska ta yi nauyi da gishiri. Sawakin ce ta fara tarbar mutum. Gidajen tsibirinta da dutsen murjani aka gina su, wanda aka sassaƙo daga cikin teku. Da Turawa suka gina Fot Sudan tsakanin 1905 da 1909, kilomita 60 a arewa, domin manyan jirage, sai 'yan kasuwa suka tashi, gidajen suka yi ta zubewa. A 2017 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya ziyarci tsibirin aka yi yarjejeniyar gyara shi. Amma tashar fasinja tana aiki, jirgi yana kwana ɗaya a ruwa ya wayi gari a Jidda, ɗauke da masu umara da 'yan ci-rani, wasu jiragen kuma da tumaki.

Kakanninmu sun yi ta ƙetare wannan ruwa da addu'a a baki da amai a maƙogwaro. Abin da ke ƙarƙashin jirgin bai dame su ba, kuma ba su da hanyar ganinsa.

Kusa da bakin tashar Fot Sudan, a gefen tudun murjanin da ake kira Winget, wani jirgin Italiya mai suna Umbria yana kwance a kan haƙarƙarinsa na hagu. A Hambag ta Jamus aka ƙera shi a 1912, tsawonsa ya kai mita 150. A watan Yunin 1940 yana kan hanyar Masawa da lodin makamai sai sojojin ruwan Ingila suka tsare shi. Kyaftin ɗinsa, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi tun kafin masu gadinsa su ji. Ya nemi izinin yin atisayen ceto, ya sa aka buɗe wa ruwa hanya ta ƙasa, jirgin ya nutse a gaban idonsu. Bama-bamai kimanin 360,000 suna nan a cikinsa har yau, jere a rumbuna, tare da motocin Fiat da kwalabe da buhunan siminti da suka daskare. Wani sashen jirgin yana dab da saman ruwa, mafi zurfinsa bai kai mita 40 ba, shi ya sa ake sa shi cikin jiragen da suka fi daɗin ziyara a duniya. Hans Hass na Ostiriya ya nutsa gare shi a 1949 ya ɗauko hotunan da suka fara jawo hankalin Turai.

Gaba kaɗan, kilomita 25 daga gaɓa, akwai Sanganeb, zoben murjani da ya taso daga zurfin kusan mita 800, da doguwar hasumiyar fitila a kansa. Sudan ta mai da shi gandun da aka killace a 1990, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2016 tare da gaɓar Dungunab da tsibirin Mukawwar, inda ake samun kunkurun teku da wata dabba 'yar'uwar ayu. A Sha'ab Rumi kuwa Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa ƙauye a ƙarƙashin ruwa a 1963. Mutanensa suka yi wata guda a wani gidan ƙarfe a zurfin mita 10, biyu daga cikinsu suka yi mako guda a wani ɗaki da ke kusan mita 30. Fim ɗin da ya fito daga wannan gwaji ya ci kyautar Oska. Garejin ƙaramin jirginsa yana nan, murjani ya lulluɓe shi, kuma a ƙarshen tudun ta kudu kifayen shak masu kan guduma suna wucewa garke-garke a watannin sanyi.

To a nan ne littafin mai ƙaramin guzuri yake fara in'ina. Waɗannan wurare ba a taka su daga bakin gaɓa. Sai da jirgi, kuma galibi irin wanda ake kwana a cikinsa mako guda ko biyu. Kafin yaƙin, yawancin masu jiragen Turawa ne, musamman 'yan Italiya, wasu kuma daga Masar suke gangarowa. Baƙinsu tun daga gida suke biya, su sauka filin jirgin Fot Sudan a kwashe su kai tsaye zuwa ruwa, ba su san ɗanɗanon ful ba. A lokacin, mako guda ya haura dala 1,000, kuɗin da ɗan jakar goyo zai ci wata biyu da su a kan tudu. Shawarar da ake ba shi ita ce ya zagaya bakin tasha ya tambaya ko akwai gurbin da ya rage, ko ya haɗa kai da wasu su ɗauki ƙaramin kwale-kwale na yini ɗaya zuwa Umbria. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma ya ƙare da leƙen kifi daga sama da gilashin fuska da bututun numfashi, wanda shi ma ba abin rainawa ba ne.

Haƙurin jiran mota da kwana a tsakar gida suna rage kuɗi ba tare da sun taɓa lafiya ba. A ruwa lissafin ya sha bamban, kuma dalilin a jikin mutum yake. Kowace mita 10 da ka nutsa, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, don haka tukunyar iskar da ke bayanka tana ƙarewa da saurin ninki huɗu. Iskar da ka shaƙa a ƙasa kuma tana kumbura in kana tasowa. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta ninka biyu a ƙirjinsa, huhu ya yage. Masuntanmu na Argungu da Yawuri da ke nutso da numfashi ɗaya gwanaye ne, amma gwanintar tasu, riƙe numfashi, ita ce abu na farko da ake hana mai tukunyar iska.

Na biyu shi ne iskar naitirojin, wadda take narkewa cikin jini a zurfi. In an taso a hankali tana fita ta numfashi. In an yi gaggawa sai ta yi kumfa a gaɓoɓi da laka da ƙwaƙwalwa, ta kawo ciwo, shanyewar jiki, ko ajali. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Shi ya sa mai takardar matakin farko, irin wadda ƙungiyar PADI take bayarwa bayan kwana uku ko huɗu na koyo, ba ya wuce mita 18, na gaba da shi mita 30, kuma mita 40 ce iyakar mai nutson nishaɗi. Wajen mita 30 naitirojin tana sa wani irin maye, mutum ya ga kuskure ya ɗauka daidai ne. Bangon Sanganeb ba shi da ƙasan da zai tare ka, ga igiyar ruwa mai ƙarfi. Ba wurin koyo ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa mai jirgi kafin a yi maganar farashi ba su da yawa. Yaushe aka duba na'urar numfashi? A ina injin cika tukwane yake zuƙar iskarsa? In yana kusa da hayaƙin inji, guba marar wari za ta shiga tukunya. Akwai iskar oksijin ta gaggawa a jirgin? Ina ne ɗakin matsin iska mafi kusa, inda ake kwantar da wanda kumfa ta kama, kuma awa nawa ne kafin a kai shi? Mai jirgin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya amsa su. Inshorar masu nutso, irin ta ƙungiyar DAN, ita ma ba wurin tsimi ba ce. Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba su cika tsayawa a kai ba alhali mu ya fi shafa: sikila. Mai SS ba ya nutso da tukunya, mai AS ya ga likita tukuna, haka mai asma ko ciwon zuciya ko farfaɗiya. Ƙishirwa tana ƙara haɗarin kumfa, saboda haka mai azumi ya bari sai bayan salla. Wanda kuma zai koma Gadarif ta mota ya tuna cewa hanyar Sinkat hawa take yi, ɗaruruwan mitoci cikin ɗan lokaci, kuma jiki bai bambanta hawan dutse da hawan jirgi ba. Ya kwana a bakin teku tukuna.

Duk wannan bayani, na tudu da na ruwa, yanzu ya zama na jira. Littafin jagora dama da ranar mutuwarsa yake fitowa. Na Sudan ya fara tsufa a 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle. Farashin da ke cikinsa ya zama abin dariya a Fabrairun 2021, lokacin da gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya. A ƙarshen 2020 'yan gudun hijirar Tigray suka cika sansanin Um Rakuba a jihar Gadarif, rikicin filayen Fashaga da Habasha ya sake tashi. A Yulin 2022, bayan kashe-kashen jihar Shuɗin Nilu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Fot Sudan, abin da ya tuna wa kowa cewa shekara ɗari a wuri ba ta hana a ce maka baƙo. Sannan yaƙin soja da dakarun RSF ya zo. Gadar Galabat da khawaja yake takowa ta cika da masu gudu zuwa Habasha. Ɗaliban Najeriya da ke Khartum wasu ta iyakar Masar aka kwaso su, wasu ta Fot Sudan. Da Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, jama'arta suka kwararo Gadarif, makarantu suka zama masauki, ga kwalara ga zazzaɓin dengi a garin da dama ruwan sha yake wahala. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, amma a Mayun shekarar jirage marasa matuƙa suka kai hari Fot Sudan, garin da gwamnati ta koma. Ba lokacin yawon buɗe ido ba ne, kuma duk shafin da ya ce maka ga lokanda mai araha kusa da tasha, wataƙila iyalai uku ne a ɗakin yanzu.

Hanyar tsofaffi ce ta fi jurewa. Wanda ya gudo daga Sinnar ko Madani ya nufi Gadarif bai buɗe littafi ba. Sunan ɗan'uwa ya riƙe, ko na malamin unguwa, ko lambar wani da zai turo masa kuɗi ta manhajar Bankak.

Bahaushen da wannan labari ya sa wa sha'awar ganin ƙasan Bahar Maliya yana da ƙofofi biyu a buɗe. Dahab, a Sina'i ta Masar, ta yi suna wajen koyar da nutso da sauƙin kuɗi, domin daga bakin gaɓa ake shiga ba sai da jirgi ba, kuma akwai ɗakin matsin iska a Sharm el-Sheikh. Ta biyun ta fi kusa da hanyarmu. A Abhur, arewa da Jidda, akwai makarantun nutso da murjani dab da gaɓa, teku ɗaya ne da na Sawakin, ta ɗaya gefen. Mai umara da ya ware kwana huɗu zai iya komawa gida da takardar matakin farko. Sai dai ya tsara ranakunsa da kyau: bayan nutso ɗaya ana jiran aƙalla awa 12 kafin a hau jirgin sama, bayan nutso na kwanaki a jere awa 18, malamai da yawa ma cewa suke a cika 24. Ranar ƙarshe kafin jirgin Kano ta sayayya ce a Balad, tsohuwar unguwar Jidda.